Shafin leƙen rautoci da ya zama ƙofar ɓarayi: nazarin abin da aka bankaɗo a 2014

A watan Agustan 2014, masu bincike huɗu daga cibiyar EURECOM da ke Sophia Antipolis a kudancin Faransa, wato Luca Bruno da Mariano Graziano da Davide Balzarotti da Aurélien Francillon, suka fitar da sakamakon aikin da suka yi kan wasu ƙananan manhajoji da kusan babu mai waiwayarsu. An gabatar da aikin a taron DEF CON na Las Vegas, sannan a taron WOOT na ƙungiyar USENIX a San Diego. Manhajojin su ne waɗanda injiniyoyin sadarwa ke kira looking glass. A nan zan riƙa kiransu madubi. Shafi ne na intanet mai akwati biyu ko uku: ka zaɓi rauta, wato na'urar da ke tura bayanai tsakanin hanyoyin sadarwa, ka zaɓi irin tambayar, ka rubuta adireshi, ka danna. Shafin ya shiga rautar kamfanin a madadinka, ya ba ta umarni, ya dawo maka da amsa.

Abin da suka gano a taƙaice shi ne, a wurare da dama wannan ɗan shafin yana riƙe da kalmar sirrin manyan rautocin kamfani, kuma an ajiye ta inda duk mai burawuza zai iya karantawa. Na zaɓi wannan lamari ne domin yawancin kurakuran da ke cikinsa na saiti ne: inda aka ajiye fayil, ikon da aka bai wa asusu, da rubutun da aka bari ya wuce ba a tace ba. Duk wanda zai kafa madubi a yau sai ya yanke hukunci kan waɗannan abubuwa uku, ko ya sani ko bai sani ba.

Kafin a shiga ciki, ya kamata a san dalilin da zai sa kamfani ya buɗe wa baƙo irin wannan taga tun farko. Intanet tarin hanyoyin sadarwa ne masu cin gashin kansu, kowace da lambar shaidarta da ake kira AS, suna sanar da juna rukunonin adireshin da za a iya kaiwa ta wurinsu da ƙa'idar BGP, wadda aka fara rubutawa a 1989. Matsalar BGP ita ce, mai sanarwa ba ya ganin yadda sanarwarsa ta isa wajen wasu. Kai da ke Kano ka san abin da ka aika wa kamfanin da ke ba ka hanyar fita. Yadda wata rauta a Landan ko Johannesburg ke kallon adireshinka kuwa, da hanyar da ta zaɓa don isowa gare ka, sai ka leƙa daga can. Madubi shi ke ba ka wannan idon.

Wanda ya bibiyi abin da ya faru ranar 12 ga Nuwamba 2018 ya ga amfanin leƙe daga waje. A ranar, kamfanin MainOne na Legas, mai lamba AS37282, ya yi kuskuren saiti yayin wani gyara, har sanarwar adireshin Google da yake karɓa a IXPN, mahaɗar musayar intanet ta Najeriya, ta tsallaka zuwa China Telecom, daga nan ta faɗa TransTelecom na Rasha, ta bazu. Na tsawon minti 74 wani ɓangare na zirga-zirgar Google ya bi ta Rasha da Sin ya maƙale. Duk wanda ya duba teburin hanyoyi daga waje a lokacin ya ga wutsiyar jerin lambobin kamar haka: 20485 4809 37282 15169, wato TransTelecom, China Telecom, MainOne, Google. Wannan layi ɗaya ya faɗi labarin duka, daga ina aka taso da inda aka ratse. Kamfanin ya fito fili ya amsa kuskurensa. Babu ruwan madubi a haddasa wannan lamarin, amma ya nuna abu biyu da suka shafi batunmu: kayan leƙe wajibi ne ga masu aikin nan, kuma rauta guda a bakin iyakar kamfani na iya karkatar da zirga-zirgar mutanen da ba su ma san da ita ba. To ina ga a ce ɗan kutse ne ya zauna a kanta da gangan?

Yadda tsofaffin madubai ke aiki

Manhajojin da masu binciken suka duba sun haɗa da Cougar LG da Cistron LG da MRLG, waɗanda aka rubuta da Perl, da kuma MRLG4PHP. Dukkansu kyauta ne, injiniyoyi suka rubuta su don biyan buƙatar kansu suka raba wa jama'a. Tsarinsu kusan ɗaya ne. Akwai ɗan shirin da sabar yanar gizo ke gudanarwa duk lokacin da aka danna maɓalli. Akwai fayil ɗin saiti mai ɗauke da jerin rautoci, kowace da adireshinta da sunan shiga da kalmar sirri a rubuce ɓaro-ɓaro. Idan tambaya ta zo, shirin ya buɗe telnet ko SSH, hanyoyin shiga na'ura daga nesa, zuwa rautar, ya shiga kamar yadda injiniya zai shiga da hannunsa, ya haɗa umarni irin su show ip bgp da abin da baƙon ya rubuta, ya aika, ya kwafo amsar zuwa shafi.

A lura da abin da wannan ke nufi. Rautocin da ake ɓoyewa bayan katangar tsaro, waɗanda ba a yarda kowa ya taɓa ƙofar sarrafa su ba sai daga ofishin injiniyoyi, an ɗauki makullinsu an miƙa wa na'urar da ta fi kowace fuskantar titi. Kamar maigadi ne da aka ajiye a zaure don kawai ya riƙa gaya wa baƙi ko maigida na nan, sai aka rataya masa makullin kowane ɗaki a wuya.

Fayil a inda bai kamata ba

Aibi na farko shi ne mafi sauƙi, kuma a ganina shi ne mafi muni. A Cougar LG, fayil ɗin saiti mai suna lg.conf yana zama ne a babban fayil ɗaya da shirin kansa, wato cikin yankin da sabar ke miƙa wa jama'a. Idan mai kafawa bai ƙara dokar da ta hana karanta shi ba, duk wanda ya goge sunan shirin a adireshin shafi ya rubuta lg.conf zai ga fayil ɗin gaba ɗaya. A rajistar aibobin tsaro ta CVE an bai wa wannan aibi lamba CVE-2014-3928, kuma Cistron LG na da irinsa a CVE-2014-3930. Ba a buƙatar ƙwarewa ko kayan aiki. Injunan bincike ma sukan kwashe irin waɗannan fayiloli su jera su, kuma ta wannan hanya masu binciken suka yi ta gano su, da 'yan kalmomin da suka san suna cikin fayil ɗin.

Na biyun ya fi ban tausayi, domin ya faɗa ne kan waɗanda suka yi ƙoƙarin yin daidai. Injiniya mai kula ya san telnet na aika kalmar sirri tsirara a kan waya, don haka ya koma SSH da makulli. Shirin madubi yana gudana ne da asusun sabar, wanda a Debian da Ubuntu ake kira www-data, kuma gidan wannan asusu shi ne /var/www. Idan aka ƙirƙiri makullin SSH da wannan asusu, kai tsaye zai sauka a /var/www/.ssh. A shekarun nan kuwa /var/www shi ne ainihin tushen abin da Apache ke miƙa wa duniya a waɗannan tsare-tsare, sai daga baya aka matsar da tushen zuwa /var/www/html. Ke nan makullin sirrin da aka ƙirƙira don ƙarin tsaro yana nan a adireshin da kowa zai iya hasashe. Wannan shi ne CVE-2014-3929. Babu wanda ya yi wauta a nan. Tsoffin saituna biyu ne, kowane da hujjarsa, suka haɗu suka haifar da ɓaraka, kuma ba za ka gan ta ba sai ka zauna a kujerar baƙo ka gwada neman fayil ɗin da kanka.

Sabon layi a cikin akwati

Aibin MRLG4PHP, mai lamba CVE-2014-3927, na wani iri ne. Shirin yana ɗaukar abin da aka rubuta a akwatin adireshi ya manna shi a ƙarshen umarni. Rauta kuwa ba ta san akwati ba. Abin da ta sani shi ne haruffa na zuwa, kuma idan ta ga alamar sabon layi, an gama umarni ke nan, abin da ya biyo baya sabo ne. A adireshin shafi ana iya rubuta alamar sabon layi da %0a. Saboda haka wanda ya rubuta adireshi na gaskiya, ya bi shi da wannan alama, ya ƙara umarnin da yake so, ya samu rautar ta yi masa aiki biyu: wanda shafin ya yarda da shi, da wanda babu wanda ya yarda da shi. Jerin zaɓin da ke fuskar shafin, wanda mai kamfani ke ganin shi ne iyakar abin da baƙo zai iya, ado ne kawai. Iyakar gaskiya ita ce duk abin da asusun da ke kan rautar ke da ikon yi.

Akwai kuma aibin cusa rubutun JavaScript a shafin Cougar LG, CVE-2014-3926, wanda za a iya amfani da shi a saci zaman wani injiniya idan ya danna mahaɗin da aka turo masa. Na ƙarshe shi ne na wani ɗan shiri mai suna fastping da ke zuwa tare da MRLG, an rubuta shi da C, ana girka shi da ikon root, wato cikakken iko a sabar, domin ya iya aika ping, saƙon gwajin ko na'ura na amsawa. Ba ya tantance abin da ke cikin amsar da ta dawo kafin ya rubuta a ma'adanarsa. Ɗan kutse sai ya ce wa madubi ya yi ping zuwa na'urarsa, ya mayar da amsar da ya ƙera da gangan, ya lalata ma'adanar shirin da ke da cikakken iko a sabar. Lambarsa CVE-2014-3931, an gyara shi a MRLG 5.5.0. Za mu sake haɗuwa da shi.

Zancen "ai asusun na karatu ne kawai"

Wannan ita ce amsar da aka fi ji idan aka tayar da maganar, kuma ita nake so in daɗe a kai, domin har gobe ana fakewa da ita. Masu binciken sun yi nuni da cewa shiga rauta da ƙaramin iko mataki ne na farko kawai, tunda tsofaffin manhajojin rautoci na da sanannun hanyoyin hawa daga ƙaramin iko zuwa babba, kuma rautar bakin iyaka ba abar da ake yawan kashewa don sabuntawa ba ce. Amma ko an bar wannan, kalmar karatu kaɗai tana rufe abubuwa da yawa.

A MikroTik, wadda ƙananan kamfanonin intanet da yawa a ƙasashenmu ke dogaro da ita saboda araha, rukunin read da ke zuwa da na'urar yana ɗauke da izinin reboot da sniff da sensitive. Ma'ana, asusun da ka ɗauka na kallo ne zai iya sake kunna rautar, ya saurari zirga-zirgar da ke wucewa, ya kuma ga sirrikan da ke cikin saiti. Wanda ya jefa asusun madubi cikin wannan rukuni ya ba da fiye da abin da ya yi niyya nesa ba kusa ba. Daidai shi ne a ƙirƙiri sabon rukuni mai ssh da read da test kaɗai, a kuma cike gurbin address na asusun da adireshin sabar madubi, ta yadda ko kalmar sirri ta fita ba za ta yi aiki daga wani wuri ba.

A Juniper, izinin network shi ke ba da ping da traceroute, mai nuna hanyar da saƙo ya bi, amma tare da su yana ba da ssh da telnet daga rautar zuwa wasu na'urori. Wanda ya samu wannan asusu ya samu wurin tsayawa a tsakiyar gidanka, daga nan ya riƙa ƙwanƙwasa ƙofofin da ba a ganinsu daga waje. Ana toshe wannan da allow-commands da deny-commands a ajin shiga, a kuma tuna cewa idan umarni ya dace da duka biyun, na yarda ne ke rinjaye, don haka dole a rubuta na yarda a ƙuntace. A Cisco IOS kuwa kuskuren da aka saba shi ne a bai wa asusun mataki na 15, wato cikakken iko, don wani umarni guda ya ƙi aiki a mataki na 1. Daga nan show running-config, umarnin da ke nuna saitin rautar kaf, ya buɗe, da sirrikan zaman BGP da na SNMP, ƙa'idar sa ido kan na'urori, da duk abin da ke ciki.

Sai kuma abin da babu takardar da ke rubuta shi amma duk wanda ya yi aiki a ƙaramin kamfani ya sani: sau da yawa ba a ƙirƙiri wani asusu na musamman ba sam. Injiniyan da ya kafa madubin da daddare ya sa sunansa da kalmar sirrinsa don ya ga ko abin na aiki, abin ya yi aiki, aka wuce wurin. Kalmar nan kuma ita ce a kan kowace rauta da kowace swici a kamfanin.

Ba na ganin adalci ne a ɗora laifin kan waɗanda suka rubuta manhajojin. Sun rubuta su a zamanin da masu tafiyar da BGP 'yan kaɗan ne da suka san juna, suka bayar kyauta, jama'a suka amfana shekara da shekaru. Inda matsalar take shi ne madubi abu ne da ake kafawa sau ɗaya a manta. Ba ya kawo kuɗi, abokin ciniki ba ya kira idan ya tsufa, kuma yakan faɗa tsakanin masu kula da sabar da masu kula da rautoci, kowane ɓangare na ganin na ɗayan ne.

Idan za a kafa shi yau

Hanya biyu ce a gaban mai kafawa. Ta farko ita ce ta gado: shafi ya shiga rauta kai tsaye. Fitacciyar manhajar wannan hanya a yanzu ita ce hyperglass ta Matt Love, wadda aka rubuta da Python. Saitinta na cikin fayilolin YAML da ke zama a wuri irin /etc/hyperglass, can nesa da abin da ake miƙa wa burawuza, wanda hakan kaɗai ya kashe aibin lg.conf. Tana shiga rautoci da SSH, tana iya bi ta wata na'urar tsakiya idan ba a so sabar ta taɓa rautocin kai tsaye, tana kuma tantance cewa abin da aka rubuta adireshi ne na gaskiya kafin ta gina umarni. Tambayoyin da ta saba amsawa biyar ne: hanyar BGP, alamar community da ake liƙa wa sanarwa, jerin AS, ping da traceroute.

Amma manhaja mai kyau ba ta ɗauke wa mai saiti aikinsa. A fayil ɗin na'urori, kowace rauta na buƙatar adireshin da ping zai fito da shi. A sa adireshin loopback, wato na rautar kanta da bai rataya da wata ƙafar haɗi ba, na fili wanda ake sanarwa a duniya. Idan aka bar rautar ta zaɓa da kanta, za ta ɗauki adireshin ƙafar da saƙon ya fita ta kanta, kuma idan ƙafar ta mahaɗar musayar intanet ce, galibi ba a sanar da wannan rukuni a waje, amsa ba za ta san hanyar dawowa ba. Sai baƙo ya ga ping ya faɗi ya ɗauka hanyarka ce ta lalace, alhali lafiyarta ƙalau. Madubin da ke ba da amsar ƙarya ya fi rashinsa illa, domin mutum zai ɗauki hoton shafinka ya kai ƙara da shi.

Sannan jerin adireshin da aka hana tambaya. Dole a rufe rukunonin cikin gida, wato 10.0.0.0/8 da 172.16.0.0/12 da 192.168.0.0/16, a ƙara da 100.64.0.0/10 wanda kamfanonin da ke cusa abokan ciniki da yawa bayan adireshi ɗaya ke amfani da shi, da 127.0.0.0/8 da 169.254.0.0/16. A IPv6 a rufe fc00::/7 da fe80::/10. Bayan waɗannan a ƙara rukunin da kamfanin ya ware wa na'urorinsa na ciki ko da na fili ne. In ba haka ba, baƙo zai zauna da ping da traceroute ya zana taswirar cikin gidanka ɗaki bayan ɗaki. Idan shafin na karɓar suna a madadin lamba, a tabbata ana duba jerin ne bayan an juya sunan zuwa adireshi, domin kowa na iya mallakar suna ya nuna shi ga 10.0.0.1.

Akwai haɗarin da ba ya buƙatar ɗan kutse ko kaɗan, wato nauyi. A watan da aka gabatar da binciken nan, ranar 12 ga Agusta 2014, teburin IPv4 na duniya ya haye layi 512,000, har wasu tsofaffin rautocin Cisco da ba a faɗaɗa musu wuri ba suka rikice. Yau teburin ya haura layi 900,000. Tambayar jerin AS da aka rubuta da alamar da ta dace da komai, ko neman duk rukunonin da ke ƙarƙashin 0.0.0.0/0, wanda ya ƙunshi kowane adireshi, na tilasta wa rauta ta bi wannan teburi kaf ta zubo shi. Ƙwaƙwalwar da ke wannan aiki ita ce dai ke aika saƙon "ina raye" ga maƙwabtan BGP, kuma maƙwabci ba ya jira har abada: daƙiƙa 180 ne a saitin asali na Cisco, 90 a na Juniper. Mutum goma masu son sani, ko wata manhajar da ke yawo tana danna kowane maɓalli, sun isa su jigata ƙaramar rauta. Maganin shi ne a ƙayyade girman rukunin da za a iya tambaya, a taƙaita ping zuwa biyar, a sa iyakar yawan tambaya daga adireshi ɗaya a sabar gaba irin Nginx, a kuma bar ma'ajiyar wucin gadi ta yi aikinta. Hyperglass na ajiye amsa a Redis na ɗan lokaci, don haka mutum ɗari da suka tambayi abu ɗaya a lokacin wata matsala sau ɗaya za su taɓa rautar. Tambayar jerin AS kuwa, idan rautar ƙarama ce, ni dai shawarata a cire ta gaba ɗaya.

A ɓangaren rautar, ƙofar SSH ta karɓi asusun madubi daga adireshin sabar kaɗai. Idan akwai TACACS+, tsarin tantance masu shiga na'urori daga sabar guda, a sa shi ya tantance kowane umarni ya kuma rubuta shi, ta yadda ranar da asusun madubi ya nemi wani abu da ba ya cikin biyar ɗin nan za a gani a rajista. Wannan layi guda a rajista shi ne gargaɗin farko da za ka samu, idan akwai mai karantawa.

Hanya ta biyu, wadda na fi so

Ana iya raba madubi da rautocin aiki kwata-kwata. A kafa ƙaramar sabar da ke gudanar da BIRD, manhajar BGP da ta samo asali a Jami'ar Charles ta Prague wadda CZ.NIC ke kula da ita. Rautocin su buɗe zaman BGP da ita su aika mata abin da suka sani. A ɓangaren BIRD a rubuta export none don kada ta aika wa rautoci komai, a ɓangaren rautar kuma a sa tacewar da ke ƙin duk abin da ya fito daga wannan maƙwabci, kulle biyu ke nan. Shafin sai ya riƙa tambayar BIRD kaɗai. Babu kalmar sirrin rauta ko ɗaya a sabar. Wanda ya fasa ta ya samu kwafin teburin da dama an yi niyyar nuna masa.

Kan wannan tsari Alice-LG ke tafiya, wadda ta faro daga taron haɗa manhajojin mahaɗun intanet da RIPE ta shirya a Madrid a 2016, kuma manyan mahaɗu irin DE-CIX ke amfani da ita. Tana karɓar bayani daga wani ɗan shiri mai suna birdwatcher da ke zaune kusa da BIRD. Abin da ya fi burge ni a cikinta shi ne tana nuna hanyoyin da aka ƙi karɓa tare da dalili, ko rukunin bai dace da IRR, rajistar hanyoyin da kamfanoni ke rubutawa, ba, ko RPKI, tsarin tabbatar da mai ikon sanar da rukuni, ta ce ba mai shi ne ya sanar ba. Injiniyan wani kamfani da ke mamakin me ya sa sanarwarsa ba ta wuce ba zai ga amsa da kansa da tsakar dare ba tare da ya tashi kowa ba. Shi kansa birdc yana da yanayin taƙaitawa da ake kunnawa da -r, wanda ke barin umarnin kallo kaɗai.

Hanyar na da nata rashi. A zaman BGP na yau da kullum rauta na aika hanyar da ta zaɓa ne kawai, don haka ba za a ga waɗanda ta ajiye a gefe ba sai an kunna ADD-PATH, mai ba da damar aika hanya fiye da ɗaya, ko a koma ga BMP, ƙa'idar sa ido kan BGP; takardun ƙa'idarsu su ne RFC 7911 da RFC 7854, dukansu na 2016. Ping da traceroute kuma ba za su fito daga rautar kanta ba. Ana iya fitar da su daga wata ƙaramar na'ura da ke wuri ɗaya da rautar, wanda a mafi yawan lokuta ya wadatar. Ga kamfanin da ke da rauta biyu ko uku da injiniya ɗaya ko biyu, waɗanda ba su da wanda zai zauna yana bibiyar sabuntawa kowane mako, wannan rashi ƙarami ne idan aka auna shi da kwana da makullin rautoci a bakin titi.

Ko wace hanya aka bi, sai an yanke shawara kan abin da za a nuna. Tsofaffin madubai sukan ba da show ip bgp summary, wanda ke jera kowane maƙwabci da adireshinsa da lambarsa da tsawon lokacin da zamansa ya yi a tsaye. A mahaɗar musaya wannan daidai ne, don shi aka zo. A kamfanin kasuwanci kuwa jerin abokan cinikinka ne ka liƙa a bango, har da wanda layinsa ke yawan yankewa. RFC 8522 na 2019 ya kawo jerin umarnin da aka saba bayarwa a madubi, yana da amfani a matsayin mafari, amma ba dole ne a kunna duka ba.

Shekara goma sha ɗaya bayan nan

A watan Yulin 2025, hukumar tsaron intanet ta Amurka, CISA, ta saka CVE-2014-3931, wato aibin fastping ɗin nan, a jerin aibobin da take da shaidar ana amfani da su wajen kai hari, ta kuma ba ma'aikatun gwamnatin tarayyar ƙasar makonni uku su magance shi. Gyaran ya fito tun 2014. Shigarsa jerin na nufin har zuwa lokacin akwai sabobin da ke gudanar da MRLG na kafin 5.5.0 a fili, kuma akwai masu nemansu.

Saboda haka wanda ya gaji hanyar sadarwar da wani ya kafa, ya bincika ko akwai wani tsohon shirin madubi irin lg.cgi ko makamancinsa da ke kwance a wata tsohuwar sabar, ko da babu mahaɗin da ke kaiwa gare shi daga shafin kamfani. Idan ya samu, kashe shafin bai wadatar ba. Fayil ɗin da ya yi shekaru a buɗe sai a ɗauka an riga an kwafe shi. A canza duk kalmar sirrin da ke cikinsa a kowace na'urar da take aiki, a cire tsohon makullin SSH daga rautoci, a canza sirrikan BGP da na SNMP idan asusun na iya ganin saiti, sannan a bi jerin asusun kowace rauta ɗaya bayan ɗaya a tabbatar akwai wanda ya san dalilin kowanne.